Godiya ga Kwalbar da Ta Raba Mu da Likita

Jalingo ta yi sa'a, kuma wanda bai gode ba butulu ne. Tun zamanin kaka da kakanni ɗan Adam yake neman magani guda da zai ɗauke masa kowace cuta. Sarakuna sun nema sun gaji, attajirai sun zubar da dukiya ba su samu ba, mu kuwa ga shi ya biyo mu har zaure a cikin farar kwalbar roba mai hoton koren ganye. Daga Sabon Gari zuwa Mayo Gwoi, daga Magami zuwa Nukkai, babu unguwar da ba shi da wakili. Ana tallarsa a rediyo, ana shelarsa da lasifika a kan mota ranar kasuwa, ana turo shi ta WhatsApp tun kafin a idar da sallar asuba. Yana cikin jakar malamar makaranta, yana cikin ta ma'aikacin sakatariya wanda albashi ya kasa kai shi ƙarshen wata. Sunansa antioksidan.

Ku saurari aikinsa ku sha mamaki: hawan jini, ciwon suga, ciwon hanta, sankara, gyambon ciki, basir, sanyin mara, ciwon gaɓɓai, yanar ido, rashin haihuwa, raunin mazakuta, mantuwa, har da tsufa, wanda a da muke zaton ba ya jin magani. Likita ya shekara shida a jami'a, ya ƙara wasu shekarun yana neman ƙwarewa, amma in ka je masa da ciwon ciki sai ya ce a ɗebi jini, a yi hoto, ka dawo mako mai zuwa. Kwalba ba ta san wannan jan rai ba. Ba ta tambayar shekarunka, ba ta tambayar ko kina da juna biyu, ba ta tambayar wane magani kake sha. Adalcinta ya kai ta ba mai ciwon ƙoda abin da ta ba mai ƙurajen fuska, awo ɗaya, farashi ɗaya. To me zai sa mutum ya yi sammako zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na jiha, ya yanki kati ya bi layi, alhali ga waraka a hannun ɗan maƙwabcinsa da ya gama sakandare bara?

Na halarci irin taron da ake shirya mata ranar Asabar a wani ɗakin taro a cikin gari. Saurayi ne ya fito, kwat da nektayi a cikin zafin nan namu, ya ɗaga kofin gilashi cike da ruwa. Ya ce, "Iyayena, ku dubi wannan. Jininku ke nan ranar da aka haife ku." Sai ya ɗauko aidin, irin wanda ake shafa wa rauni, ya dinga ɗigawa yana lissafi: wannan hayaƙin babur, wannan takin zamani, wannan sinadarin ɗanɗano, wannan tunanin kuɗin makaranta. Ruwa ya rine ya koma kamar shayi. "Jininku ke nan yau." Ɗaki ya yi tsit. Ya ɓalle ƙwanso guda ya zazzage garin a ciki, ya juya da cokali, kafin ƙiftawa da bismillah ruwa ya koma garai-garai. Wasu suka yi kabbara, wasu suka ce Haleluya, aka ɗauki tafi gaba ɗaya. Abin da ya haɗa kan mutanen Jalingo haka ai ya cancanci lambar yabo.

Kuma saurayin mai kara ne, bai so ya kunyata lemon tsami a bainar jama'a ba. Da ya matse ruwansa a kofin, ko ya jefa ƙwayar bitamin C ta kemis ɗin bakin titi, da abin da zai faru ke nan, domin gwaji ne da ake yi wa 'yan sakandare a ajin kimiyya. Bitamin C yana sauya wa aidin siffa ya rasa launi. Aidin ɗin ma bai bar kofin ba, yana nan daram, ido ne kawai ya daina ganinsa. Amma faɗin haka zai ɓata taro, taro kuwa an kashe masa kuɗi.

Bayan kofi sai na'ura. Wata dattijuwa aka zaunar, aka miƙa mata ɗan sandan ƙarfe mai waya haɗe da kwamfuta, aka ce ta damƙe na minti ɗaya. Ba allura, ba ɗigon jini, ba fitsari. Takarda ta fito shafi-shafi da jajayen layuka: hanta ta gaji, ƙoda ta yi datti, ƙashi ya yi laushi, jini ya yi kauri. Saurayi ya girgiza kai ya ce, "Inna, Allah ne ya kawo ki yau. Da kin ƙara wata uku, da sai dai wani labarin." Ta ce, "To ɗana, nawa ne?" Ya faɗa mata kuɗin da zai riƙe tukunyar gidanta makonni. Na ga hannunta yana rawa tana kwance haɓar zani. Wannan na'ura mai albarka ce. Ban ga ta sallami mutum ɗaya da shaidar lafiya ba a wannan rana, kuma duk cutar da ta gano, maganinta yana cikin kwalin da ke ƙarƙashin tebur. Wane asibiti ne ya kai wannan dacewa?

Kada a ce tushen maganar ƙarya ce, domin gwanintar ke nan: an samo gaskiya 'yar ƙarama an ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Gaskiya ne jiki yana ƙona abinci da iskar oksijin don ya samu kuzari, kuma a cikin aikin akan samu wasu ɓurɓushi marasa natsuwa, waɗanda masu talla suka haddace da sunan firi-radikal. Kowanne yana da giɓin elektron, sai ya fizgo daga abin da ke kusa da shi, ko bangon ƙwayar halitta, ko kitse, ko sinadarin gado. Antioksidan shi ne sinadarin da zai miƙa masa abin da yake nema ya lafa kafin ya yi ɓarna. Bitamin C da bitamin E suna cikinsu, haka bita-karotin, wanda ke ba karas da manja launinsu. A 1956 wani masani a Amurka, Denham Harman, ya kawo ra'ayin cewa wannan ɓarna ce ke taruwa ta zama tsufa. Aka kuma lura cewa masu yawan cin ganye da 'ya'yan itace sun fi tsira daga ciwon zuciya da wasu nau'o'in sankara. Sai lissafi ya zo da sauƙi: a tsamo sinadarin, a ninka shi, a ɗura a ƙwanso, a huta da wahalar tauna ganye.

Kwalba kuma ta yi uban gida na ji da gani. Linus Pauling, mai lambar Nobel biyu, ta kimiyyar sinadarai a 1954 da ta zaman lafiya a 1962, ya fitar da littafi a 1970 yana kiran mutane su sha bitamin C giram-giram don maganin mura, daga baya ya ce har sankara. Baligi yana buƙatar abin da bai kai miligiram 100 na bitamin C ba a rana, goba ɗaya mai kyau ta biya wannan bashin. Asibitin Mayo na Amurka ya gwada giram 10 a rana a kan masu sankarar da ta yi nisa, ya fitar da sakamako a 1979, ya sake a 1985, duka biyun ba a ga amfani ba. Pauling ya rasu a 1994, sankarar furostet, gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ce ajalinsa. Ƙarin da jiki bai buƙata yana fita ne ta fitsari, wani lokaci ya bar wa ƙoda tsakuwa tukuici. Ai ko wannan ma abin alfahari ne, ba kowane talaka ke da halin yin fitsari mai tsada ba.

Sai dai mai arziki ba ya rasa mahassada. Wasu masu bincike marasa kunya suka ce ba su yarda da tafi ba, sai an gwada a jikin mutane: a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba waɗannan maganin, a ba waɗancan ƙwayar da ba komai a cikinta, a jira shekaru a ƙirga. A ƙasar Finlan aka ɗauki maza mashaya taba 29,133. Da sakamako ya fito a 1994, waɗanda aka ba bita-karotin sun fi sauran kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin 100, mutuwa ma ta fi yawa a cikinsu da kashi 8. Aka ce tsautsayi ne. A Amurka ana kan wani gwajin da mutum 18,314, mashaya taba da ma'aikatan da suka shaƙi ƙurar asbestos, ana ba su bita-karotin da bitamin A. A watan Janairun 1996 aka tsayar da shi kafin lokacinsa, domin sankarar huhu ta haura da kashi 28, mutuwa da kashi 17. Masu binciken sun ji tsoron Allah, sun kasa ci gaba da ba mutane abin da suka ga yana cutar da su. Kwalba kuwa ko gezau, jarumar da ba ta san ja da baya ba.

A Birtaniya aka bi mutum 20,536 masu haɗarin ciwon zuciya shekara biyar ana ba rabinsu bitamin C da E da bita-karotin. A 2002 aka bayyana cewa bai rage bugun zuciya ba, bai rage shanyewar ɓarin jiki ba, bai rage sankara ba. A cikin wannan gwajin dai, maganin rage kitsen jini na asibiti, wanda ba a yi masa taro ba a yi masa tafi, ya rage waɗannan cututtuka na zuciya da jijiyoyin jini da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Sannan aka zo kan maza 35,533 don a ga ko bitamin E da siliniyom za su kare su daga sankarar furostet. Aka dakatar a 2008 don ba a ga alamar kariya ba, a 2011 kuma aka tarar masu shan bitamin E sun fi kamuwa da ita da kashi 17. Da ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 78 na mutum kusan 300,000 a 2012, hukuncinta shi ne waɗannan ƙwayoyi ba sa ƙara tsawon rai, kuma bita-karotin da bitamin E da alama suna ɗan ƙara yawan mutuwa. An tafi neman gira an rasa ido.

A wata sana'ar, rabin wannan abin kunya ya isa a naɗe tabarma. Kwalba ta nuna mana yadda ake haƙuri da jarrabawa: ta sake tufafi, ta sake suna, ta ƙara hoton wani ɗan itace da ba ya tsiro a ƙasarmu, ta hau jirgi ta sauka inda ba a karanta mujallun likitoci. A 2012 Ma'aikatar Noma ta Amurka ta janye jadawalin da take auna ƙarfin antioksidan na abinci da shi, ta ce abin da ake gani a kwalbar gwaji ba ya nuna abin da zai faru a jikin mutum, kuma 'yan kasuwa suna amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba. Har yau irin waɗannan lambobi suna nan a takardun talla. Abin da masu shi suka zubar, mu an kawo mana shi da daraja. Mun gode da tunawa da mu.

Akwai kuma abin da tawali'u ke hana a faɗa a ɗakin taro. Mahalicci bai bar jiki hannu rabbana yana jiran kwali daga waje ba. Kowace ƙwayar halitta tana ƙera nata masu tsaro, irin su katalas da gulutatayon, dare da rana, kyauta. Kuma firi-radikal ɗin da ake tsine wa ma'aikata ne. Da su fararen ƙwayoyin jini ke ƙone ƙwayoyin cuta, shi ya sa yaran da aka haifa jikinsu ba ya iya yin su suke fama da cuta bayan cuta. Da su gashin sankara na asibiti yake kashe ƙari. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha duk damina, atemisinin, wanda Tu Youyou ta ƙasar Sin ta tsamo daga wani ganye dangin tazargade har ta samu Nobel a 2015, idan ya haɗu da sinadarin ƙarfe a cikin ƙwayar cutar, firi-radikal yake saki ya hallaka ta. Masana a Jami'ar Gothenburg ta Suwidin sun nuna a 2014 cewa ɓerayen da ke da sankarar huhu, da aka ƙara musu antioksidan, ƙarin ya fi saurin girma kuma sun fi saurin mutuwa. Ɓera ba mutum ba ne, amma darasin a fili yake: ƙwayar sankara ma tana son mai kare ta. Karamcin kwalba ya kai ta tsare mai gida ta tsare ɓarawo.

Akwai wuraren da waɗannan sinadarai suke aiki na haƙiƙa, sai dai ba su da burgewa. Wanda ya sha farasitamol fiye da ƙima hantarsa na neman lalacewa, akwai maganin da ake ɗaura masa a asibiti ya farfaɗo da gulutatayon, ya ceci rai idan an zo da wuri. Tsofaffi masu wani nau'in lalacewar tsakiyar ido, binciken 2001 a Amurka ya nuna wani haɗi na musamman yana rage tsanantar ciwon da kusan kashi 25. Yaro mai ƙarancin bitamin A, ɗigon da ake ba shi a makon lafiyar uwa da yara yana kare idonsa, yana taimakonsa idan ƙyanda ta zo. Amma ku dubi ƙanƙantar waɗannan: cuta ɗaya, awo sananne, likita a tsaye, wani ma kyauta. Ina za su kama ƙafar wadda ke warkar da cuta arba'in ba tare da ta san sunan mara lafiya ba? Shi wannan bitamin A da ke ceton yaro, idan mai ciki ta sha shi da yawa yana iya naƙasa abin da ke cikinta. Kwalba dai ba ta tambaya, mun riga mun yabe ta a kan haka.

Babbar nasararta, wadda ta fi kowace, ita ce ta sa Bataraben da ke zaune a tsakiyar lambu ya ji yunwar ganye. Jihar da ake wa take da kyautar Allah ga ƙasa, mai manjan Kurmi, mai shayin Kakara a kan tsaunin Mambila, mai piya da ayaba daga Gembu, mai mangwaron da ke ruɓewa a gindin bishiya idan lokacinsa ya yi. Ka shiga babbar kasuwar Jalingo da safe ka ga zogale da rama da yakuwa da alayyahu tuli-tuli, ga gwanda, ga goba, ga tsamiya, ga zoɓo, ga garin kuka a kwano. Tarayyar Turai ta amince da garin 'ya'yan kuka a matsayin abinci a 2008, yanzu ana sayar da shi can a 'yar leda da tsadar gaske. Zoɓonmu ana lodinsa zuwa Meziko. Zogalen da ake kwaɗawa da ƙuli-ƙuli a ci a ƙoshi, shi ne ake busarwa a ɗura a ƙwanso a manna masa takarda, a dawo mana da shi muna godiya. A cikin ganye da 'ya'yan itace sinadaran suna zuwa kaɗan-kaɗan, ɗaruruwa a haɗe, tare da dusar da hanji ke so, kuma wanda ya cika cikinsa da su ya rage gurbin kitse da zaƙi. Wannan ne binciken ya ga yana da amfani tun farko. Amma wa zai ji shi ɗan birni ne yana cin kwaɗo?

Shayin ma bai tsira ba. Kofin shayi ba ya cutar da mai lafiya. Amma da aka tatse sinadarinsa aka dunƙule a ƙwanso don rage ƙiba da "wanke jiki", hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta yi gargaɗi a 2018 cewa miligiram 800 ko fiye a rana yana da alaƙa da alamun rauni a hanta. An samu irin wannan rahoto game da ƙwayoyin kurkum a Italiya da Ostareliya. Mata kuma an kawo musu allurar gulutatayon don hasken fata, antioksidan ce ita ma, ana ɗaura ta a ɗakunan kwalliya, a ƙasar da hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023.

Da aka zo kan hanta, yabo ya maƙale mini a maƙogwaro. Taraba tana cikin jihohin da ciwon hanta nau'in B da C ya fi yi wa katutu a Najeriya, kowa a garin nan ya san gidan da ya shiga. Ba banza ba ɗan jihar nan, Danjuma Adda, ya kai ga shugabantar ƙawancen yaƙi da ciwon hanta na duniya. Ciwo ne mai ɓoye kansa shekaru, mutum yana harkokinsa hanta tana ƙanƙancewa, sai ranar da ido ya yi ɗorawa ciki ya kumbura. Kuma yana da magani na gaske. Nau'in C ana warkewa daga gare shi da ƙwayoyin mako 12 a mafi yawan mutane. Nau'in B ba a cika rabuwa da shi ba, amma ga wanda likita ya ga yana buƙata, ƙwayar tenofobir guda a rana tana danne ƙwayar cutar, ta rage haɗarin ƙanƙancewar hanta da sankararta. Akwai rigakafi, kuma jariri ana so a yi masa cikin awa 24 da haihuwa. Abu ɗaya likitoci ke nanatawa: wanda ya fara maganin nau'in B kada ya daina da kansa, domin cutar tana iya tasowa da ƙarfin da zai kayar da hanta.

A unguwarmu akwai wani magidanci, direba, mai 'ya'ya ƙanana. An gano yana da nau'in B, aka ɗora shi a kan magani, ya murmure har ya koma kan hanya. Ƙanin matarsa ya shiga harkar kwalba, irin wadda sai ka kawo mutum biyu su ma su kawo biyu-biyu kafin ka ga riba. Ba mugu ba ne, yaro ne mai neman na kansa, kuma ya yarda da abin da aka koya masa. Ya ce masa, "Yaya, har yaushe za ka yi ta shan kemikal? Wannan na ganye ne zalla, wata uku ya wanke hantar tas." Bayan wata uku aka damƙa masa sandan ƙarfe, na'ura ta ce hanta ta koma ta jariri. Ya ajiye maganin asibiti, ya yi sadaka don godiya. Da damina ta tsaya na je duba shi, na tarar da shi a kan tabarma, idanu kamar an zuba kurkum, ƙafafu sun kumbura sun ƙi shiga takalmi, ga kwalaben a jere a kan taga, guda ba a ma buɗe ta ba. Matarsa ta ce, "Malam, an ce dattin ne ke fita." Da aka kai shi asibiti an makara. Ajali na Allah ne, ba mai ja. Amma na san abin da ya raba shi da ƙwayar da ke riƙe da shi, kuma na san yaron nan har yau ba ya iya haɗa ido da yayarsa.

Irin wannan ba ya shiga lissafin kowa. Mai hawan jini da ya ajiye ƙwayarsa saboda an ce ganye ya fi, sai a ji ɓarin jiki ya shanye, a ce iska ce. Mai suga da ya daina allura, sai ƙafa ta ruɓe, a ce sammu ne. Matar da ta ji ƙullutu a nono ta shekara tana shan garin wanke jini, ta isa asibiti lokacin da wuƙa ba ta da sauran amfani. Mafi yawan waɗannan kwalabe ba guba ba ne, kuma wannan ne ya sa suke da haɗari: ba sa kashewa nan take balle a gane, lokaci suke ci da kuɗin da za a yi gwaji da shi. Kamfani yana wata ƙasa, babban dila yana Legas, wanda ya sayar ɗan'uwa ne, ba a kai ɗan'uwa ƙara.

Za a ce ai da lambar NAFDAC a jiki. A juya kwalbar a karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa. Yawancin irin waɗannan kaya na ganye, lambar da ake ba su ta jerin wucin gadi ce mai harafin L a ƙarshe, wadda ke nufin an duba ba a ga cutarwa a fili ba, kuma doka ta wajabta a rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Wato shi kansa mai kayan ya sa hannu a rubuce cewa ba a tabbatar da maganarsa ba, sannan ya hau lasifika ya rantse da Hausa. Rubutun da Turanci yake, ƙanana kamar ƙwayar gero, dattijuwar da ke kwance haɓar zani ba za ta taɓa karanta shi ba.

Ina roƙon gidajen rediyonmu su daina sayar da sa'a guda ga duk wanda ya ce yana warkar da sankara da ciwon hanta, kuɗin tallar bai kai ran mai sauraro ba. Ina roƙon limamai da fastoci su san wa suke ba aron harabar masallaci da coci. Ina roƙon NAFDAC da ma'aikatar lafiya ta jiha su leƙa waɗannan tarukan na Asabar, su nemi a nuna musu takardar da ta halatta wa wannan na'ura gano cuta. 'Yan'uwa matasa masu ɗaukar jaka, talauci gaskiya ne, amma ku tambayi kanku ko za ku iya tsayawa a gaban marayun wanda kuka ce wa ya ajiye maganinsa.

Kai kuma mai karatu, idan ba ka taɓa gwajin ciwon hanta ba, je ka yi a asibiti, da jini, ka kai iyalinka, wanda ba shi da shi a yi masa rigakafi. Idan kana kan maganin hawan jini ko suga ko hanta ko ƙanjamau, kada ka ajiye shi don maganar kowa sai likitan da ya ɗora ka. Kuɗin kwalba ka kai su kasuwa ka sayo ganye da 'ya'yan itace gida ya ci. Wanda kuma yake da ita a ɗaki yanzu, ya ɗauke ta ya kai wa likita ko ƙwararren mai harhaɗa magani ya duba, kafin ya sake haɗiyar ko ƙwaya ɗaya.